Jarrabawar da Muka Kai Hayin Iyaka

Tun da na dawo ban huta ba. A makaranta tambaya, a gidan suna tambaya, har mai kawo mana ruwa sai da ya sauke garwa ya ce, "Malama, wai da gaske har Faranshi kunka kai?" Nijar yake nufi. Na gaya wa mutum ɗaya, ya gaya wa wani, kafin labarin ya zagayo gare ni an ce jandarmomi sun tsare mu, an ce Hajiya Kulu ta mari soja. Ba a tsare mu ba, Hajiya kuma ba ta mari kowa ba, ko da yake ta kusa. Shi ya sa na zauna na rubuta yadda abin ya faru, duk wanda ya ƙara tambayata in miƙa masa ya karanta da kansa.

Sunana Rabi, ina koyar da matan aure a ajin yaƙi da jahilci nan Kaura Namoda. Lokacin jiharmu ba ta daɗe da samuwa ba, komai sabo ne: ofis sabo, hatimi sabo, shugabanni sababbi, kujeru ne kawai tsofaffi da aka rabo mana daga Sakkwato. Sai ofishinmu na Gusau ya yanke shawarar a yi wa dukkan azuzuwan mata jarrabawa. Ajin da matansa suka ci, a ba su takardar shaida, malamarsu ta ci gaba da aiki. Ajin da suka faɗi, a rufe shi. Da can maza ke zuwa irin wannan aiki, amma da aka ƙaddamar da Shari'a aka ce namiji ba zai shiga ajin matan mutane ba, a nemo mata. Aka duba aka ga matan ba su da yawa. Haka aka haɗa ni da Hajiya Kulu, aka ba mu Shinkafi da ƙasar Zurmi.

Hajiya Kulu tsohuwar shugabar makarantar 'yan mata ce da ta yi ritaya. Ita ta koyar da ni ina ƙarama, kuma har yau in ta kira sunana sai na duba farcena ko da datti. Ita aka damƙa wa takardun, kowane aji da ambulan ɗinsa, an manne baki an buga hatimi. Doka ita ce ba a buɗewa sai gaban masu jarrabawar. Ta sa su cikin jakar hannunta, ta sa jakar ƙarƙashin hijabi, ban ƙara ganin hannunta na hagu ba sai da muka isa.

Maigidana ya yarda in tafi, amma da muharrami. Shi ba zai bar shagonsa ba, don haka aka ɗauko Kawu Ɗan'iya, ƙanen mahaifiyata. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, kunnensa ɗaya ya daina aiki tun kafin jirgin ya daina zuwa Kaura, ɗayan kuma yana aiki ne in ya ga dama.

A tasha muka tarar da sabon tsari, motar mata daban, ta maza daban. Kawu ya sa ƙafa zai shiga tamu, ɗan kamasho ya tare shi.

"Baba, wagga ta mata ta."

"Ni muharraminta na," in ji Kawu, ya nuna ni.

"Muharraminta, na ji. Sauran fa?"

Kawu ya dubi sauran matan, ya ga lalle ba shi da dangantaka da ko ɗaya, ya ja jakarsa ya koma motar maza. Hajiya ta leƙa gaba ta ga direbanmu da gemunsa, ta tambayi ɗan kamashon shi kuma wannan fa.

"Hajiya, wanga ai ba namiji ba na, direba na."

Motarmu ta cika ta tashi, tasu ko rabi ba ta yi ba. Haka na yi mafi yawan tafiyar nan, ni a gaba, muharramina a baya, tsakaninmu rabin yini.

Bazara ce, zafi kamar a bakin murhu, kusa da ni kuma wata mata ce da buhun daddawa a cinya. Kafin Moriki motar ta mutu. Direba ya buɗe gabanta ya duba, ya rufe, ya ce sai an tura. Muka dubi juna. A ranar na gane amfanin maza a mota. Muka fito muka ɗaure hijabai a ƙugu muka kama turi, Hajiya tana gefen hanya tana ba da umarni da hannu ɗaya. Mai daddawa ce ta fi kowa ƙarfi. Da motar ta tashi direban ya manta da mu har ya yi nisa, sai da ya ji ta yi masa sauƙi fiye da kima sannan ya tsaya.

A Shinkafi muka sauka gidan malamar ajin. Ni tun ina yarinya na ɗauka a Shinkafi shinkafa ake ci safe da yamma. Aka kawo mana hoce da miyar sure, irin wanda na baro a gida, sai dai nasu ya fi tsami. Muna cikin ci matan ajin suka riƙa shigowa gaisuwa, baki har kunne. Wata mai suna Luba ta zaro kwalbar maganin ɗanta ta karanta mini abin da ke jiki tiryan-tiryan, har da inda aka ce a girgiza kafin a sha. Bayan la'asar Kawu ya iso, ya tsaya a zaure ya aiko a tambaye ni ko na iso lafiya.

Da safe aka yi jarrabawa. Hajiya ta ɗaga ambulan kowa ya ga hatimi, ta yage, na raba. Ta dubi agogo ta ce, "A fara." Matan da jiya ba a jin maganar wani saboda tasu, yau kamar an kawo su gaban alƙali. Wata ta rubuta sunanta, ta sake rubutawa a ƙasa, ta ci gaba da haka har takardar ta ƙare. Wata jaririnta ya cinye mata tambaya ta ƙarshe. Luba ta riƙe fensir, zufa tana ɗiga daga haɓarta har takardar ta jiƙe, ba ta rubuta ko alif ba. Waɗanda suka ci sun isa a bar ajin, da ƙyar, amma Luba ba ta cikinsu. Da za mu fita ta biyo ni bakin ƙofa.

"Malama, wallahi na sani. Takardar ce ke kallona."

Na gaya wa Hajiya a mota. Ta ce ba mu muka tsara ba, aiko mu aka yi.

A Moriki ake canja mota zuwa Zurmi, kuma mun faɗa ranar kasuwa, shanu sun fi mutane yawa a hanya. Na bar wa ɗan kamasho saƙo, in wani tsoho mai jar dara ya iso a sa shi motar Zurmi. An gaya masa, ta kunnen da ba ya aiki. Kawu ya shiga motar Kaura, ya koma gida, ya yi wanka ya ci tuwo. Maigidana ya dawo daga shago ya same shi a ƙofar gida yana sauraron rediyo, ya tambaye shi ina Rabi. Kawu ya ce tana gaba.

Ajin Zurmi bai bambanta da na Shinkafi ba, don haka ba zan tsaya kansa ba. Mun kwana gidan wata ma'aikaciyar asibiti wadda ta ba mu gadonta, ta kuma auna mana jini ba mu roƙa ba. Ta ce na Hajiya ya hau. Hajiya ta ce daidai yake, injin ne bai saba da ita ba. Kawu ya riske mu da hantsi, an kuma rubuto masa sunan garin a takarda an maƙala a aljihun rigarsa.

Ambulan ɗaya ya rage, na wani ƙauye bayan Gurbin Bore da ake kira Tungar Gawo. A Gurbin Bore mota ta ƙare. Ga 'yan kabu-kabu nan birjik, amma an hana su ɗaukar mata, suka tsaya suna kallonmu muna kallonsu. Sai aka samo mana amalanken shanu da ya kawo gero zai koma. Dokar ba ta ce komai kan amalanke ba, don haka a nan ne karo na farko da na zauna wuri ɗaya da muharramina. Ya yi barci kafin mu fita gari.

Mun yi nisa mai amalanken ya tambaye mu wurin wa za mu. Na ce ajin matan Tungar Gawo.

"Ai ajin ba shi Tunga. Gara ta ci rumfar, iska ta ƙarasa. Hayi suke karatu, lakwal ɗin mushe."

Lakwal ita ce makaranta a bakin mutanen Nijar, mushe kuma malaminta. Hajiya ta gyara zama.

"Ajin Nijeriya a cikin Nijar?"

"Hajiya, rijiyarmu ma ɗaya ta da su."

Na daɗe ina jin ana cewa iyaka, na ɗauka katanga zan gani ko aƙalla ƙofa. Igiya ce, an ɗaura tsakanin ganguna biyu a ƙarƙashin wata bishiyar bedi, wato dogon yaro. Masu tafiya ƙasa suna zagaye ta ta gefe, awaki suna bi ta ƙarƙashi. Abin da ke da ƙafar taya ne kawai ke tsayawa, mu kuma muna da taya biyu. Wani jandarma dogo yana zaune kan benci yana dafa shayi, ga wasu mata masu tallar nono sun sauke ƙore suna hutawa a inuwar.

Ya gaishe mu da ladabi. Bai tambaye mu takardar komai ba. Ya leƙa jakata ya ga zannuwa, ya leƙa ta Kawu ya ga goro da buta. Sannan ya dubi Hajiya.

"Madam, mi ke ƙarƙashin hijabi?"

"Takardun gwamnati."

"Wace gwamnati?"

"Tamu."

"To nan tamu ta. A buɗe in gani."

Hajiya ta fito da ambulan, ta nuna masa hatimi, ta yi masa bayani kamar yadda take yi wa 'yan aji ɗaya, cewa ba a buɗe wannan sai gaban masu jarrabawa. Ya saurara har ta gama, ya gyaɗa kai, ya ce shi ma dokarsa ita ce abin da aka rufe ba ya wucewa sai ya ga cikinsa. Na ce ko zai raka mu ƙauyen a buɗe a gabansa. Ya ce wa zai tsare igiya? Ya karɓi ambulan ya sa babban yatsa ya farke. A nan ne Hajiya ta kusa yin abin da ake cewa ta yi.

Da ya ga takardu ne kawai, maimakon ya mayar, sai ya zaro ɗaya ya shiga karantawa da ƙarfi, don ya nuna mana Hausar boko ma bai bar ta ba. Ya karanta tambaya ta farko, abubuwan da ke kawo wa yara gudawa. Ya karanta ta biyu da ta uku har ƙasa. Masu nono suka matso. Ya koma ta farko ya ba da amsa, ya ce haƙori da iska da maita.

"Ka faɗi," in ji Hajiya.

Bai ji haushi ba. Ya ce a lakwal ma haka ake gaya masa. Ya sauke igiya, ya kuma ce ba za mu wuce ba sai mun sha shayi. Shayinsu a ɗan kofin gilashi ne kamar na awon magani, ɗaci kamar maɗaci, kuma in ka shanye ba ka tsira ba, akwai na biyu da na uku. Kafin mu gama masu nono sun ɗauki ƙorensu sun yi gaba. Shanu kuwa ba sa sauri.

Muka isa muka tarar da matan ajin zaune a gindin bishiyar makaranta, suna maimaita amsar tambaya ta farko baki ɗaya. Malamarsu ta taso da gudu ta tarbe mu. Sunanta Hajo, yarinya ce ba ta kai ni ba, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya, wannan ajin shi ne abincinsu. Hajiya ko sauka ba ta gama yi ba ta ce jarrabawa ta lalace, tambayoyi sun fita, sai an koma Gusau an bugo wasu.

Duk wanda ya san ofis ya san ma'anar wannan. Kafin a bugo wasu, a samo mota, a samo mu, damina ta sauka, hanya ta yanke, an rubuta cewa ajin Tungar Gawo bai yi jarrabawa ba, an rufe. Hajo ta sani. Ba ta yi kuka ba, ta dai ce, "To, Hajiya," ta shiga naɗe tabarmar da ta shimfiɗa mana, ta warware, ta sake naɗewa.

Na ja Hajiya gefe na ce matan nan ba su suka farke ambulan ba. Ta ce ita ma ba ita ta farke ba. Na ce wasu da ƙyar mazansu suka bar su, an yi musu alkawarin takardar shaida, in muka juya ba za su ƙara fitowa ba. Ta ce, "Rabi, na ji," da irin muryar da ke nufin in rufe bakina.

Lokacin yaran mushe ba su tashi ba, sai da azahar suke barin ajin ga mata. Hajiya ta je ta tsaya jikin taga, wai inuwa take nema. Na bi ta. Abin da na gani ya bambanta da namu. Kowane yaro da ɗan allonsa baƙi. Mushe ya yi tambaya, ya buga tebur, kowa ya rubuta, ya sake bugawa, duk su ɗaga sama lokaci ɗaya kamar masu zanga-zanga. Mai son magana ba ya ɗaga hannu shiru kamar namu, sai ya riƙa kaɗa yatsu yana kiran mushe, mushe. Wani aka ce ya zana, wata aka ce ta fito ta faɗa da baki, wani ya nuna da tsinke. Hajiya ta ce hayaniya ta yi yawa. Amma ba ta bar tagar ba sai da aka tashi.

Matar mushe ta kai mu gidansu cin abinci. Can da rana tsaka komai rufewa yake, makaranta, kanti, har mai igiya na ji an ce kwanciya yake yi, sai la'asar duniya ta sake buɗewa. Aka kawo dambun zogale da wani burodi dogo mai tauri. Kawu ya ɗauka sanda ce aka ba shi, ya yi godiya ya jingina ta da bango. Hajiya ta ci loma kaɗan ta ajiye cokali.

"Rabi, mi anka aiko mu mu gano?"

"Ko sun iya, Hajiya."

"Iya mi?"

"Karatu da rubutu da lissafi da kiwon lafiya."

"To takarda ta mutu, mu ba mu mutu ba. Na yi shekaru ina gane yaron da ya iya tun ba a kawo injin buga takarda ba. Tashi."

Ta tara matan a aji ta ce kowace za ta nuna abubuwan nan huɗu, ta kuma zaɓi yadda za ta nuna da kanta. Mai son takarda ga sababbin tambayoyi a allo. Mai son baki ta faɗa, mai son hannu ta yi. "Amma ku ji da kyau," in ji ta, "wadda ba ta iya ba, ko da rawa ta nuna mini, ta faɗi."

Da farko ba wadda ta motsa. Sai wata ƙatuwar mata ta tashi ta fita, muka ɗauka fushi ta yi. Ta dawo da kwano da ruwa da gishiri da sukari, ta wanke hannu, ta haɗa ruwan da ake ba yaro mai gudawa tana faɗin awon kowane. Hajiya ta ɗanɗana, ta tambaye ta in babu cokali fa, ta nuna da murfin kwalba. Ta ci. Kawu, da ke zaune a waje, aka miƙa masa sauran ya shanye.

Daga nan aka ɓalle. Mata uku suka yi wasan kwaikwayo, ɗaya uwa, ɗaya malamar asibiti, ɗaya miji mai hana zuwa rigakafi. Mai yin mijin ta iya ƙwarai, har ajin ya gane mijin wa take nufi, matarsa ta rufe fuska. Hajiya ba ta yi dariya ba, ta miƙa wa malamar asibitin katin awo na gaske ta ce ta karanta. Wata Bafillatana da Hausarta ba ta nuna ba ta yi lissafinta da ludayi da ƙwaryar ruwa, Hajiya tana ƙara mata tana ragewa, sannan ta sa ta rubuta amsar a allon yaran mushe. Wata ta kawo rigar matashin kai da ta yi wa ado da zare, ta ɗinka sunayen 'ya'yanta. Hajiya ta ce wa ya san ko wani ya zana mata, ta ba ta allura ta ce ta ɗinka Kulu. Ta ɗinka. Wata ta ce ita da waƙa ta haddace darasin tsafta, irin waƙar niƙa, amma tana tsoro, ta ji an hana waƙa.

"A Zamfara anka hana," in ji Hajiya. "Nan Nijar ta. Yi."

Ba kowa ta ci ba. Wata ta ɗauki littafi ta karanta shafi guda ba tuntuɓe, na fara murna. Hajiya ta rufe hoton da ke shafin da tafin hannu, ta nuna kalma ɗaya a tsakiya. Matar ta kasa. Haddace shi ta yi. Ta faɗi, ita da wasu, kuma ba wadda ta ce an zalunce ta, don gaban kowa aka yi.

Saura mutum ɗaya, wata tsohuwa da ke zaune a ƙarshen aji kan 'yar tabarmarta ita kaɗai. Inna Tumba ake ce mata. Ta yi ciwon kuturta tun tana budurwa, ta warke da daɗewa, amma ciwon ya tafi da yatsunta duka. Hajo ta raɗa mini cewa ba wadda ta kai ta karatu, sai dai ba ta iya riƙe fensir, don haka da ma ba ta sa ran za ta ci ba, ta dai zo ne kada a ce ba ta zo ba.

Hajiya ta buɗe mata littafi a inda ta ga dama, ta karanta. Ta ba ta buhun taki da ke jingine a kusurwa, ta karanta abin da ke jiki. Lissafi da kiwon lafiya ta amsa da baki, ba ta yi gargada ba.

"Saura rubutu," in ji Hajiya. "Rubuta sunanki."

Na ce, "Hajiya," a hankali. Ko kallona ba ta yi ba.

"Karatu da rubutu anka ce. Ban ce da fensir ba."

Tsohuwar ta dubi ƙasa. Sannan ta ce, "A waje zan yi." Muka fita duka. Ta zaɓi wani karan dawa a jikin danga, ta matse shi tsakanin dungulman hannayenta biyu, ta sunkuya ta fara ja a kan rairayin filin makaranta. Ashe haka take yi a bayan ɗakinta, ba wanda ya sani, har Hajo. Kowane harafi ya kai tsawon yaro. Tana yi tana ja da baya, karan ya kuɓuce, ta durƙusa ta sake matsewa. Wata ta matsa za ta taimaka, Hajiya ta tsayar da ita da ido. Yaran mushe sun fara dawowa, suka tsaya a gefe, mushen ma ya tsaya. Da ta gama ta miƙe tana haki.

Hajiya ta bi rubutun daga farko zuwa ƙarshe da ƙafa, ta dawo.

"Wace ce Maryama? Sunanki na ce ki rubuta."

"Shi na rubuta."

Hajo ta dubi sauran matan, su ma suka dubi juna. Akwai waɗanda aka haifa tana garin, ba su taɓa ji ba.

"Shi ubana ya raɗa mini," in ji tsohuwar. "Tumba nan anka sa mini, da na zo."

Hajiya ta sake duban ƙasa.

"Maryama, harafinki na huɗu ya juya baya. Gyara."

Ta share da ƙafa ta gyara. Sai Hajiya ta miƙa hannu ta karɓi karan daga hannunta. Na ji wata a bayana ta ja numfashi, don a garin ba mai karɓar abu daga hannun tsohuwar. Hajiya ta sunkuya ta ja alamar maki a gefen sunan, babba, daidai girman haruffan, ta mayar mata da karanta.

Gidan mushe muka kwana. Da safe da za mu tafi muka tarar an kewaye sunan da duwatsu, yara masu zuwa makaranta suna ratsewa ta gefe. Hanyar amalanke ta nan ta bi, dole mai shanu ya sauka ya ja su ya zagaya, yana mita.

Dawowa ba abin labari. Jandarma ya sauke mana igiya, ya tambayi Hajiya amsar gaskiya ta tambayar nan, ta gaya masa, ya ce zai gaya wa matarsa. Ajin Tungar Gawo yana nan ba a rufe ba, Hajo tana aikinta, an kuma yi musu sabuwar rumfa a gefenmu na igiya. Amma kafin haka sai da aka kira mu Gusau. Wani jami'i mai sabon tebur ya duba sakamakon da Hajiya ta rubuto, ya duba ambulan Shinkafi da na Zurmi cike da takardu, ya ɗaga na Tungar Gawo ya ga tambayoyi ne ba amsa ko ɗaya. Ya ce shi ba zai sa hannu ba sai ya ga takardun amsa da idonsa.

Hajiya ta ce ba laifi. Ta ce ɗaya Kawu ya shanye, ɗaya ana barci a kanta, ɗaya waƙa ce, kuma an hana a nan.

"Wadda ta fi kyau kuwa tana nan a ƙasa, cikin Nijar. In za ka duba, ka yi sauri kafin ruwan farko."